Sawun da Ya Shiga Bai Fita Ba

Washegarin sadakar arba'in ɗin Malam Sahabi, tun ba a gama wanke tukwanen jiya ba, labari ya zaga Zongon Parakou cewa an yi sata a ɗakin marigayin. Ba littafi aka ɗauka ba, ba sutura ba. Wata 'yar kwalba ce cike da baƙin gari, ta 'yarsa Zinatu mai karatun haɗa magunguna. Mutanen Zongo kuwa ba sa barin labari ya fita tsirara. Kafin hantsi ya ɗaga, garin nan ya zama zinariya a bakin mahauta, ya zama guba a bakin masu koko, wani tela ma ya rantse albarushi ne.

Aka aika wa Dogo mai bin sawu. Shekara arba'in ya yi yana nemo wa fataken Borgou shanunsu da aka kora, har ana cewa in saniya ta taka dutse, Dogo zai gaya maka ko tana da ciki. Yanzu tsufa ya ranƙwafar da shi, tsawon ya tafi ya bar masa sunan. Shi da Malam Sahabi aminai ne tun suna samari, kuma ranar da Malam ya cika yana can daji bayan shanun wani Alhaji, bai samu jana'iza ba. Abin nan yana cinsa, ko da yake bai gaya wa kowa ba.

Ya tarar da ƙofar gida cike. Sharfaddeen, babban ɗan Malam, mahauci mai saurin hawa, ya riga ya yanke hukunci. Ya ce ba kowa ba ne illa Abdoul Karim, abokin aikin Zinatu a labo, ɗakin gwaje-gwajensu, don shi kaɗai ya san darajar kwalbar, kuma jiya an gan shi yana raɓe-raɓe kusa da ɗakin. Ya ce in ba a fito da ita ba zuwa gobe, komisariya, ofishin 'yan sanda, ce za ta raba su.

Dogo ya ce masa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, sannan ya nemi a nuna masa ɗakin.

Ɗakin ba shi da kwaɗo, asabari ne kawai a ƙofar, amma kwana arba'in kowa na shakkar ɗaga shi, don kwarjinin mai ɗakin ya fi kwaɗo. Rairayi ne shimfiɗe a ƙasa, irin wanda Malam ke sa a ɗebo masa daga rafi duk shekara. Ga buzunsa a inda ya bar shi, ga alkukin bango inda yake ajiye alƙaluma da kayan tawada. Dogo ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo. Akwai sawun silifas ɗin Zinatu, shiga da fita. Akwai kuma layi biyu na sawun ƙafa ba takalmi, mai buɗaɗɗun yatsu da faso a dugadugin dama, kuma duka layukan biyu cikin ɗaki suka nufa. A gaban buzu akwai 'yan ramuka biyu, a bango kusa da alkuki kuma tambarin tafin hannun dama.

Masu leƙe ta bayansa su ma sun gani. Nan take aka fara raɗa cewa mutum biyu sun shiga ba su fita ba, kuma kowa ya san irin waɗanda ke shiga ba su fita. Wata mata ta yi a'uziyya ta ja da baya.

*

Zinatu na zaune a gindin turmi a tsakar gida, idanunta sun kumbura. Dogo ne ya tauna mata dabino ranar sunanta, don haka ba ta ɓoye masa hawaye ba. Ta ce ranar Alhamis ta kawo kwalbar gida, don Litinin da safe za ta hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Cotonou, inda wasu masana baƙi za su auna aikin da na'urarsu kafin su koma ƙasarsu ranar Laraba. Da ta ga gida zai cika da 'yan sadaka, sai ta naɗe kwalbar a hankicin Malam ta sa a alkuki, tana ganin ba inda ya fi nan tsaro a duniya. Shekara uku tana ƙonawa tana zubarwa kafin wannan ya yi kyau. Sake wani zai ci wata biyar, wa'adin karatunta kuma wata ɗaya ya rage.

Ya tambaye ta mene ne garin, don shi bai saba bin abin da bai sani ba. Ta ɗaga hannuwanta biyu ta haɗa su. Ta ce yawancin ƙwayoyin magani haka suke zuwa, biyu-biyu, na dama da na hagu. Kama ɗaya, amma ba sa shiga safar juna. Ɗaya yana warkarwa, ɗayan ko dai banza ne ko ya cutar. Masana'antu suna amfani da wasu ƙarafa masu wuyar samu don a fitar da na daman kaɗai, kuma dattinsu yana ɓata ruwa. Ita kuwa ɓawon kaɗanya ta ƙona tare da tsamin tsamiya, har ya zama gari mai ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Tsamiya ce ta koya masa hannu. In aka zuba kaɗan a cikin haɗi, sai ya tura aikin ya bi hannu ɗaya, a gama a tace shi, a wanke, a sake sa shi aiki.

Dogo ya ce, "Ashe dillali kika ƙera. Ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya fita ba saniya a hannunsa."

Ta yi dariya cikin kuka. Ta ce rabonta da jin irin wannan tun Malam na da lafiya. Shi ma tsokanarta yake yi, yana ce mata mai ƙona shara, kuma har ya rasu ba ta san ko a ransa yana ganin ta yi abin kirki ko ta ɓata shekarunta ba. Wannan maganar ta fi ta kwalbar taɓa Dogo. Ta nuna masa wata 'yar fitila mai shuɗin haske, ta ce in aka haska garin a duhu yana ƙyalli. Ya ce ta riƙe fitilarta, shi da idonsa ya saba.

*

Ya hau zem, babur ɗin haya, zuwa Banikanni, unguwar su Abdoul Karim. Saurayin ya tare shi tun a ƙofa, don labarin komisariya ya riga Dogo isowa. Ya rantse da Hausa, ya ƙara da Faransanci, ya koma Dendi. Dogo bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba, sai ya ce azahar ta yi, a kawo buta. Suka yi alwala tare a kan siminti. Da saurayin ya taka, jiƙaƙƙen sawunsa ya fito siriri, yatsu a matse kamar 'ya'yan ayaba, ƙafar da ta girma cikin takalmin lakwal, wato makarantar boko.

Sai Dogo ya tambaye shi abin da ya kai shi raɓe-raɓe jiya. Ya sunkuyar da kai ya ce Sharfaddeen yake nema, yana so ya ji ko bayan takabar Hajiya, matar Malam, zai iya turo manyansa neman auren Zinatu, amma da ya hango fuskar mahaucin sai ya fasa. Dogo ya ce lallai akwai abin da ya yi niyyar ɗauka a gidan, amma ba kwalba ba ce.

Da ya koma Zongo ya tarar mata sun samo nasu ɓarawon. Shakira, matar Sharfaddeen, ta fito da sabon kwalli rangaɗau a ido, kuma ita ce ta share ƙofar ɗakin jiya. Me ya fi baƙin gari kama da kwalli? Shakira ta ji haushi ƙwarai. Ta ɗauko tandunta ta zazzage a tafin Dogo, ta ce ƙanwarta ce ta kawo mata daga kasuwa, kuma in ana so a kira ƙanwar. Zinatu ta haska fitilarta a ƙarƙashin mayafi, kwalli ya zauna baƙi ƙirin abinsa. Dogo bai ma buƙaci fitila ba, ƙafar Shakira da lallenta ba ta kai rabin sawun ɗakin ba. Ya ba ta haƙuri a madadin bakunan unguwa.

*

Bayan la'asar ya koma ɗakin shi kaɗai. Wannan karon ya tuɓe takalmi ya shiga, yana bin gefen bango. Ƙamshin ɗakin bai canza ba, ƙaro da tsohuwar takarda da ɗan turaren da Malam ke so. Ya tsaya gaban buzun. Ya durƙusa ya yi wa amininsa addu'ar da bai samu yi a bakin kabari ba, ya roƙe shi gafarar rashin zuwa. Ya daɗe a nan, ya yi kukansa na tsofaffi wanda ba shi da sauti.

Da ya tashi fita sai ya ga ba zai iya juya wa buzun baya ba. Ya riƙa ja da baya, taku ɗaya-ɗaya, har ya taɓa asabari. A nan ya duba ƙasa. Ga ramuka biyu inda gwiwoyinsa suka sauka. Ga sawunsa na fita yana kallon cikin ɗaki, yatsu sun nutse fiye da dugadugi, daidai da layi na biyu na baƙon sawun.

Ba mutum biyu ba ne, ba kuma aljani ba. Mutum ɗaya ne ya shiga, ya durƙusa, ya fita da baya. Ya dafa bango da dama, ke nan da hagu ya miƙa cikin alkuki. Mai ladabin da zai durƙusa wa buzu ba zai ɗauki kayan malami da hagu ba, sai in hagun ce damarsa.

Hajiya Mu'minat tana cikin takaba, ba wanda ya tuna ya tambaye ta komai. Dogo ya tsaya bayan labule suka gaisa, ya tambaye ta ko Malam ya taɓa yin ɗalibi bahago. Ta ce ai Iliassou ke nan, na wajen Djougou. Makarantu uku suka kore shi saboda hannun, ana ta ɗaure masa shi ana duka, sai Malam ya karɓe shi ya ce Wanda ya yi dama Shi ya yi hagu. Ya zo jinya sau biyu, sun kulle su kaɗai suna magana. Jiya ma ya gaishe ta daga inda Dogo yake tsaye, ya ce zai koma da wuri saboda gona.

*

Lahadi da sassafe Dogo ya shiga motar Djougou, an matse shi tsakanin buhun gari da wata mata mai kaji. A kasuwar shanu ya samu wani tsohon dillali da ya taɓa nemo wa bijimai. Da ya ce malami bahago, dillalin ya ce duk yankin mutum ɗaya ne, yana Kolokondé, ya sa aka kai shi a babur. Hanyar daji ce, ruwa ya zaizaye ta, kowane rami sai da ƙugun Dogo ya gaishe shi.

Bai tambayi gidan ba. A kan turbar da ta ratsa kunyoyin doya ya ga sawun, buɗaɗɗun yatsu da faso a dugadugin dama, ya bi shi kamar yadda yake bin saniya. Sawun ya kai shi gindin wata ɗorawa. Wani mutum mai furfura jefi-jefi na zaune kan tabarma, allo a cinya, takarda a kan allon, alƙalami a hannun hagu. Kusa da shi ga kasko na tawada, ga hankicin Malam Sahabi a shimfiɗe, ga kwalba a kai.

Suka gaisa har ƙasa. Dogo ya sha ruwa, ya tambayi gona da iyali, sannan ya gaya masa abin da ake ciki a Parakou. Malam Iliassou ya ajiye alƙalamin a hankali. Ya dubi kwalbar, ya dubi rubutun boko da ke jikinta wanda bai iya karantawa ba. Ya ce shi da ya zo sauke amana, ashe ɓarna ya yi wa gidan da ya mai da shi mutum. Dogo ya ɗaga kwalbar ya duba a rana. An taɓa ta, amma fiye da rabi na nan.

Ya kira Sharfaddeen a waya ya ce a tara kowa a zaure bayan la'asar, har da Abdoul Karim, kuma kada wanda ya je komisariya. Zinatu kuwa abu ɗaya ya ce mata, ta ci abinci ta haɗa jakarta.

*

Zauren ya cika har waje. Abdoul Karim na rakuɓe a lungu, Shakira na bakin ƙofar cikin gida da kwallinta, an ƙara shi ma don gayya. Hajiya na bayan labule. Dogo ya shigo da baƙonsa, ƙurar hanya har gira.

Ya fara da wanke waɗanda aka shafa wa baƙi. Ya ce ƙafar Abdoul Karim ta ɗan lakwal ce, ta Shakira kuma ko rabin sawun ba ta kai ba. Sannan ya tashi ya taka da baya a gabansu, ya ce su dubi inda yatsunsa ke kallo.

Ya ce, "Na bi ɓarayi shekara arba'in. Ban taɓa ganin wanda ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya fita da baya ba. Wannan sawun ɗalibi ne."

Malam Iliassou ya buɗe gafakarsa ya fito da ganyayen takarda. Ya ce shekara uku Malam yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa a ɓoye, tun ranar da Zinatu ta fara wannan aikin nata, yana so ranar da ta gama shi ma ya gama ya ba ta. Ciwo ya tsayar da shi saura kaɗan. Sai ya damƙa masa takardun, ya ce in an yi arba'in ya shiga ɗaki ya ɗauki garin tawadarsa a alkuki ya ƙarasa, kada ya gaya wa kowa sai ya kammala. Shi kuwa da ya ga abu naɗe a hankicin Malam, bai ƙara dubawa ba. Ya jiƙa da ƙaro, ya ga tawada ta yi kyau fiye da kullum, ya ce albarkar Malam ce. Dogo ya ƙara da cewa garin Malam na gaskiya yana can bayan alƙaluma cikin ɗan tandu.

Sharfaddeen ya share fuska da hularsa, ya miƙa wa Abdoul Karim hannu ba tare da ya iya haɗa ido da shi ba. Malam Iliassou ya juya wajen Zinatu ya tambaye ta abin da ke damunsa tun daga Kolokondé, ko akwai najasa a garin. Ta ce ɓawon kaɗanya ne da tsamiya da wuta, ba komai. Ya yi hamdala.

Ta karɓi kwalbar ta duba alamar da ke jikinta. Ta ce abin da ya rage zai ishi masu aunawa, har da ɗan ragowa da ta so ta ajiye wa kanta. Sannan ta roƙi a ba ta takardun. Ta yi alwala ta shiga ɗakin mahaifinta, ta ce Baba Dogo da Malam Iliassou su biyo ta. Aka saki asabari, ɗaki ya yi duhu, ta kunna 'yar fitilarta a kan ganyen da hannu ya canza.

Layukan sama sun zauna baƙi, rubutun Malam ne, yana ɗan karkacewa saboda ciwo. A tsakiyar layi na biyar baƙin ya tsaya. Daga nan zuwa ƙasa kowane harafi yana ƙyalli shuɗi-shuɗi.

Zinatu ta sa yatsa kusa da inda mahaifinta ya tsaya, ba ta taɓa ba. Ta tambayi Malam Iliassou, murya ƙasa-ƙasa, ko Malam ya taɓa yi masa maganar aikinta.

Ya ce, "Ya yi. Ya ce, ni da Zinatu sana'armu ɗaya. Mu ƙona abin da mutane suka yar, mu fitar da baƙin da zai amfane su. Ya ce amma nata ya fi nawa wuya, kada ka gaya mata, kanta zai kumbura."

Ta yi dariya, dariyar ta karye ta zama kuka. Dogo ya juya yana duban bango kamar akwai sawun da bai gama karantawa ba.

Da ta natsu ta tambayi ganye nawa suka rage. Ya ce uku, kuma zai ƙarasa da garin Malam na cikin tandu. Ta girgiza kai. Ta ɗauko wata tsaftatacciyar takarda, ta buɗe kwalbar, ta karkaɗa a hankali har garin ya sauka daidai alamar masu aunawa. Ragowar nan da ta so ta ajiye ta ninke ta cikin takardar, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya miƙo dama saboda ladabi. Ta ce, "A'a, Malam. Da wanda za ka rubuta."

Ya karɓa da hagu. Su ukun suka fita da baya.